Damin da Na Kai Majami'a

Bana ma an yi godiyar kaka a majami'armu ta nan Tambuwal, kuma ban ga dami ko ɗaya ba. Buhuna aka jera a gaban bagadi, kowanne an ɗinke bakinsa da zare, wasu ma a bayan babur aka kawo su har bakin ƙofa. Hatsin kansa inji ne ya sussuke shi tun a gona, cikin rabin yini, aikin da iyayenmu mata suke kwashe wata suna yi da turmi da taɓarya. Ba kuka nake yi da zamani ba. In gaskiya za a bi, buhu ya fi dami riƙon amana, domin kowa na iya kwance bakinsa ya zura hannu har gwiwar hannu ya ji abin da ke ciki. Amma ina zaune a kujerar dattawa, ana waƙa ana tafi, sai na ji fuskata ta yi zafi kamar jiya abin ya faru. Yaran da ke gaishe ni suna durƙusawa sun ɗauka tun haihuwa nake da furfura da natsuwa. Ba su san ni ne mutumin da ya taɓa yi wa Ubangiji algus a gaban jama'arsa, ana yi masa guɗa ba.

Iyayenmu daga ƙasar duwatsu ta kudu suka taso neman gona, mai gari ya yanka musu daji a gefen wani ƙauye tsakanin Kebbe da Fakku. Gida tara ne mu, masu bin Almasihu, a tsakiyar maƙwabta Musulmi waɗanda rijiya ɗaya muke ja da su, gayya ɗaya muke fita, in an yi rasuwa mu je musu su zo mana. Mu da aka haifa a nan da Hausar wurin muka buɗe baki. Kiran assalatu shi ke fara tashin mu, sai kukan guga a bakin rijiya, sai luguden mata ya ɗauka daga gida zuwa gida har ka iya gane taɓaryar wance da ta wance. Bayan haka ne ake buga wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a jikin dogon yaro, shi ne ƙararrawarmu. Majami'ar ta ƙasa ce da jinkar ciyawa, kujerunta dakali ne, in damuna ta yi nisa kwaɗi ma suna shigowa sujada. Yanzu muna da fanka da lasifika, mai wa'azi na magana ana jin sa har bakin titi, amma ban tabbata muna ji da kyau kamar yadda muke ji a kan dakalin nan ba.

Mai kula da mu wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Mai Bishara. Yanar ido ta rufe masa gani har ya zama da murya yake gane mutum, da tafin hannu yake gane hatsi. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce idonsa, kuma ita ce bakinsa a wuraren da shi ya cika haƙuri. Ba ta da tsawo, amma in ta tsaya ta riƙe ƙugu ko jakin gidan yakan shiga hankalinsa. Abincinsu daga gona ɗaya yake fitowa, wadda muke kira gonar Ubangiji, daga ita ake ciyar da su da baƙo da mara lafiya. Al'adarmu kuwa ita ce, duk ranar da ruwan shuka ya sauka, kashegari da safe babu mai taɓa tasa gonar sai an gama shuka wannan. Maza su yi gaba da sungumi suna sara, mata da 'yan mata su biyo suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, kafin hantsi ya yi zafi an gama, kowa ya ruga tasa. Baba yakan ce mana Ubangiji ba ya buƙatar gero, mu ne muke buƙatar mu koyi sa shi a gaba tun muna da abin da za mu yi hasara. Muna jin sa muna gyaɗa kai, ni ma har da cewa amin da ƙarfi.

Ni a lokacin saurayi ne da ke ji da kansa. Allah ya ba ni murya, ni ke ba da waƙa, in mata suka ɗauki kiɗan tulu na ɗaga murya sai ka ga tsofaffi suna share ido. In aka ce in yi addu'a, kalmomi suna zuwa mini kamar an kwance bakin salka, har nakan ɗan buɗe ido ɗaya in ga ko ta shiga mutane. Ban da wannan, duk unguwar babu wanda ya kai ni iya ɗaurin dami. Yadda muke yi, ana shimfiɗa igiyar kalgo a ƙasa, a jera zangarniyar gero daga hagu da dama, bakinsu ya haɗu a ciki, gindinsu ya leƙo waje, sannan a taka da gwiwa a ja igiya har ta yi ƙara. Damin da na ɗaure ko daga kan jaki ya faɗo ba ya motsi. Shekarar nan mahaifina ya ba ni gayaunata ta farko, gona ta kaina, a bakin hanyar da ke zuwa majami'a. Kuma ina neman auren 'yar wani dattijon ikkilisiya, mutumin da ba ya yawan magana, sai kallo. Ina son Ubangiji a lokacin, ba zan ce ba na son sa ba. Sai dai ina son a san ina son sa fiye da yadda nake son nasa.

Gero ya fara ido sai jan-baki suka zo. Wanda bai ga tsuntsayen nan ba ba zai gane ba. Suna tasowa daga wajen fadama kamar hayaƙi, su sauka a gona, ka ji ƙarar cinsu daga nesa. Muka yi ta kaɗa gwangwani, muna jan igiya, muna ihu har muryoyinmu suka dishe. Ranar Lahadin da abin ya fi tsanani, na miƙe a tsakiyar sujada ba wanda ya sa ni, na ce in Ubangiji ya bar mini ko rabin gayaunata, zan tsince zangarniyar da ta fi kowace kyau in ɗaure masa damin da ba a taɓa kawo irinsa ba. Mata suka ce amin. Na saci kallon wajen da yarinyar take zaune, na ga ta sunkuyar da kai tana murmushi. Bayan kwana kaɗan tsuntsayen suka tashi suka yi yamma. Sun cinye wa mutane da yawa gona ƙaf, ni kuwa suka bar mini rabi cif, kamar da igiya aka auna.

Da na yanke geron na baza shi, na tsaya ina kallon rabin da ya tsira. Zangarniya ce doguwa kamar hannun babban mutum, ƙwaya ta cika ta har ba inda za ka sa farce. Can gefe kuma ga tulin wadda tsuntsu ya ci, gindinta kaɗai ke da ɗan abu, sauran holoƙo. Na shimfiɗa igiya da niyya mai kyau, wallahi da niyya mai kyau na fara. Na jera sahu na farko da manyan. Da na ɗauko na biyu sai na tuna da hatsin da zan kai gidan surukai, na tuna da irin da zan shuka baɗi, na ce a raina ai damin godiya ci ake yi, in an sussuka an haɗa da na kowa wa zai tantance. Na miƙa hannu wajen ɗaya tulin. Na cika cikin damin da cin tsuntsu, na juya bakinsu ciki yadda gindi kawai zai nuna, na lulluɓe da kyawawan, na taka na ja igiya. Ɗauri bai taɓa yi mini kyau kamar ranar ba. Manyan da suka rage na ɗaure su daban na ɓoye a ɗakina, na ce wannan iri na ne.

Ranar godiya na ɗora gammo na ɗauko shi a ka. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne tafiyar da na yi. Damin ba shi da nauyin kirki, amma na riƙa tangaɗi ina nishi, ina tsayawa ina share gumi, don a ga kaya ya yi kaya. A bakin ƙofa samari biyu suka taso za su taya ni, na ɗaga musu hannu.

"Ku bari. Kayan Ubangiji na, ni ɗai nika sabke shi."

Na sauke shi a gaban bagadi. Mata suka rangaɗa guɗa, mahaifiyata ta rufe fuska da gefen zane don murna. Baba ya laluba ya shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya daɗe hannunsa na kai, sannan ya juyo wajen jama'a.

"Wanga ba mu cin shi," in ji shi. "Iri na. A aje shi bisa cikin rumbu, shi za mu shibka gonar Ubangiji in Allah ya kai mu."

Jama'a suka yi tafi. Ni kuwa na san abin da ke cikinsa. Amma da aka ce wa zai kai shi rumbu, ni na sake ɗauka, na hau tsani, na ajiye shi can saman da hannuna, ana ta sa mini albarka daga ƙasa.

Wata bakwai ne tsakanin ranar nan da ruwan shuka, kuma babu wata ɗaya da ban yi niyyar gyarawa ba. Irin na gaskiya yana ɗakina, ɗauka kawai zan yi in kai in ce Baba ga shi, na yi kuskure. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa da maganar a bakina. Na farko na ishe baƙi. Na biyu na ishe Inna tana tankaɗe, ta dube ni, na ce gaisuwa na zo. Na uku na same shi shi kaɗai a gindin rumbun, ya ce in zauna, ya yi shiru kamar mai jiran wani abu, ni kuma na buɗe baki na tambaye shi wace waƙa za a yi ranar Lahadi. A cikin rani aka ɗaura mini aure, surukina ya ce a gaban mutane ya ba da 'yarsa ga yaron da ya san hakkin Allah. A cikin watannin nan kuma ina gani da idona waɗanda tsuntsu ya cinye wa gona suna zuwa wajen Baba neman iri, namu da maƙwabta, yana ɗebo musu daga ɗan abin da gonar Ubangiji ta bayar. Na ji Inna wata rana tana ce masa, "Malam, kana ta rabo, mu mi muka shibkawa?" Ya ce mata akwai damin nan a bisa. Ina tsaye a bayan danga na ji, na lallaɓa na wuce.

Ruwan ya zo ba zato, da la'asar, tun ba a gama sassabe ba, ya yi kamar da bakin ƙwarya. Kashegari da safe muka taru a ƙofar gidan Baba, maza da sungumi a kafaɗa, mata sun jera turame don a sussuke irin nan take. Na makara da gangan, ina fatan ban san me ba. Ina isowa wani ƙanen mahaifina yana saukowa daga tsani da damin a hannu ɗaya, yana cewa, "Ikon Allah, wanga dami ba shi da nauyi." Aka sa wuƙa aka yanke igiyar kalgon. Kyawawan na waje suka zame gefe, cikin ya baje a ƙasa a gaban kowa.

Mahaifiyata ce ta fara magana, da ƙaramar murya, tana nema mini mafita.

"Halan ɓeraye na sunka shiga rumbun?"

Surukina ya sunkuya ya ɗauki zangarniya ɗaya, ya juya ta, ya duba.

"Wanga ba cin ɓera ba na," ya ce. "Cin tsuntsu na. Tun gona anka ci shi."

Bai dube ni ba, kuma na fi son da ya mare ni. Amaryata tana tsaye da taɓarya a hannu, ta ajiye ta a hankali ta koma bayan mata. Baba ya durƙusa ya laluba tulin da hannu biyu, ya ware masu ƙwaya gefe ɗaya. Wani ya fara cewa ai an san wanda ya ɗaure, Baba ya ɗaga hannu.

"Ƙasa na shan iska. Ku sussuke abin da ke akwai. Abin da anka ba Ubangiji, shi muka shibkawa."

Ga inda laifina na biyu yake, wanda ya fi na farko muni. Gidanmu bai fi jifa uku daga nan ba. Da na ruga na ɗauko irin da na ɓoye, da kafin rana ta ɗaga an shuka gonar duka. Babu wani mai rarar iri a cikinmu a shekarar, kowa ɗan abin da zai ishe shi yake da shi, wasu ma Baban ne ya ba su. Ni kaɗai ke da shi. Amma ɗauko shi yana nufin in tsaya a gaban surukina da matata in ce ga wanda na hana Allah. Sai na tsaya da sungumina kamar an dasa ni, ina kallon yatsun ƙafata. Abin da aka samu bai rufe kashi ɗaya cikin uku na gonar ba. Aka watse shiru, ba waƙar da aka saba yi. Da rana ta karkata kuma na shiga ɗaki na sussuke irin nawa da kaina, na je na shuka gayaunata.

A rana ta uku wani malami maƙwabcinmu, mai karantar da ɗalibai a zaurensa, ya ji labari ya aiko da ƙwarya guda ta iri, ya ce a gaida Mai Bishara. Aka shuka, amma laima ta riga ta tafi, ruwa na biyu kuma ya yi jinkiri, abin ya fito nan ɗaya can ɗaya kamar gemun ɗan akuya. Na zauna ina jiran hukunci. Na ce tsutsa za ta ci gonata, ko fari ya ƙone ta, ko ciwo ya kwantar da ni, kuma da hakan ta faru da na samu sauƙi, in ce an biya. Ba abin da ya same ni. Gayaunata ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, gero ya fi ni tsawo, ya fitar da zangarniya irin dogayen nan da kowa ya gani a bayan damin. Kuma a bakin hanyar majami'a take. Kowace Lahadi jama'a su wuce ta gabanta, su dube ta, su wuce gonar Ubangiji da ke tsaye rabi ƙasa tsirara, su shiga sujada. Ba wanda ya ce mini komai. Na daina ba da waƙa, na ce maƙogwaro ke damuna, ba wanda ya tambaye ni ya jiki. In na durƙusa addu'a a ɗaki, ni mai kalmomi, sai in rasa ko ɗaya.

Tun kafin kaka Inna ta auna gonar da ido ta san rumbu ba zai kai su ba. Ta ɗauki autarta, yarinya 'yar shekara biyar da ba ta rabuwa da gefen zanenta, ta ba ƙanwar Baba riƙo can ƙasar duwatsu. Ina cikin gerona na hango su suna wucewa zuwa bakin hanyar mota, yarinyar da ɗan ƙullin kayanta a ka. Na durƙusa a tsakanin kara don kada su gan ni. Da Inna ta dawo ita kaɗai, a nan daidai gayaunata ta tsaya, ta daɗe tana kallon geron, sannan ta fyace hanci da bakin zane ta wuce.

Da aka yi girbi, amfanin gonar Ubangiji jaki ɗaya ya kwashe shi a sawu biyu. Ni kuwa na ari jakuna uku, na labta musu mafi yawan abin da na samu, na koro su da rana tsaka ta tsakiyar gari har ƙofar gidan Baba. Na same shi a kan tabarma. Ya saurari takun jakunan, ya ce in zauna.

"Ta ina kab biyo da su, ɗana?"

"Ta cikin gari, Baba."

"Hanyar bayan gari ta ɓaci?"

Ko tuban nawa sai da na nema masa 'yan kallo. Daga nan na faɗa masa komai, tun daga shimfiɗa igiya har ɓuya a cikin kara, ina magana ina haɗiyar kuka. Ya bari na gama.

"Na sani tun ran da kas sabke shi," ya ce. "Dami mai nauyi in ya taɓa ƙasa ana jin shi ga ƙafa. Naka awa an aje tabarma."

"To Baba, don mi kac ce a yi iri da shi?"

"Don in ba ka wuri ka dawo da kanka. In an sussuke shi an ci, da ka tsira, ka girma hakanan. Na aza za ka zo. Da masu neman iri sunka zaka ban iya hana su ba, ina cewa yaron nan shina zuwa. Har ran da anka sa wuƙa ga igiya ina aza za ka ce a dakata." Sannan ya ce, "Nan na yi kuskuren lissafi, kuma ba ni nab biya ba, ita tab biya."

Ban san Inna na tsaye a bakin ɗaki ba sai da ya nuna wajen da haɓa. Na kasa ɗaga kai. Sai ya miƙo hannu ya lalubo gwiwata.

"In tambaye ka, kuma kada ka yi min addu'a, amsa nika so. Kana son Ubangiji?"

Amsoshi masu daɗi suka taso mini har wuya, irin waɗanda na saba. Na haɗiye su.

"Kaɗan, Baba."

"To. Yau ka faɗi gaskiya. Wanga kaɗan ɗin, kai ma Ubangiji shi hakanan tsirara, kada ka lulluɓe shi da komi. Shi ya san yadda shika sa abu shi girma."

Ya ce in mayar da jaki ɗaya gida, matata na da ciki, ba a tuba da abincin mai ciki. Inna ta tako ta tsaya a kan sauran ta riƙe ƙugu.

"Shi ya yafe, shi ya sani," ta ce. "Ni kam ina amsa, don ɗiyana na jin yunwa. Amma kwance su. Dut."

Na kwance su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidan, tana juya zangarniya da ƙafa tana dubawa, har rana ta yi sanyi. Hatsi ya samu, amma yarinyar ba ta dawo ba, domin riƙo in an bayar ba a zuwa a karɓe don rumbu ya cika. A can ta girma, a can aka yi mata aure, in ta zo wajen uwarta zuwan baƙuwa take yi.

Daga shekarar nan, duk godiyar kaka in na kawo dami, Inna takan taso daga cikin mata ta zo gaban bagadi ta ce in kwance. Na kowa a wuce da shi, nawa a baje shi a gaban jama'a. Har na haifi 'ya'ya suka yi wayo suna gani, har aka mayar da ni ba da waƙa, har aka sa ni cikin dattawa, ba ta fasa ba. Da farko ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya na saba, har na fara jin daɗin abin a ɓoye, domin kowace shekara ana buɗewa a ga ƙwaya har ciki. Kun ga halin nawa bai mutu ba, wuri kawai ya sake. Abin da ya ɗan girma a cikina ba a gaban bagadi ya girma ba, sai a ɗaki, inda na koyi durƙusawa in faɗa wa Ubangiji abin da ke akwai ba ƙari, wata rana kalma uku, wata rana shiru.

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta shirya komawa ƙasarsu bayan kaka. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya. Ranar godiya na sauke dami a gaban bagadi, na durƙusa na kama igiya tun kafin ta ce, kamar yadda na saba. Sai na ji kan sandarta a bayan hannuna.

"Bar shi ɗamre," ta ce. "Kai shi rumbu."

Ta juya ta koma wurinta. Na ɗauka na fita, na hau tsanin, na ajiye shi, na zauna a bakin rumbun. Na ɗauka ranar da za ta yarda da ni murna zan yi, sai ga shi tsoro ne ya kama ni. Duk shekarun nan akwai idon da nake yi wa ɗauri, ga shi ta ɗauke idon ta tafi da shi. Daga ranar babu wanda ya sake kwance mini dami, saura ni da Shi kaɗai. Na tsufa yanzu, kuma in aka sake yi mini tambayar da Baba ya yi, zan ce ya fi na ranar nan, amma har yau bai kai duka ba.